Hular Awon Ƙwaƙwalwa: Me Za Ta Tsinana wa Sakkwato?

Farfaɗiya ba ta jiran ranar ganin likita. Tana kayar da mace a bakin murhu, ta kama yaro yana tsakiyar wanke allo, ta tashi magidanci cikin dare iyalinsa na barci. Kafin a haɗa kuɗin mota daga Gada ko Tangaza ko Sabon Birni, a iso Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Gawon Nama, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, abin ya daɗe da sakin mai shi. Ga shi nan zaune a kan benci garau. Abin da ya rage wa likita shi ne labari. "Inna, yaya abin yake fara masa? Idonsa yana juyawa? Hannu ɗaya ke fara rawa ko duk jikin?" Ita kuwa uwa, a lokacin da abin ya faru, salati take yi tana kuka, ba ta tsaya lura da wane hannu ya riga wani ba.

Wannan giɓi tsakanin inda abu yake faruwa da inda ake auna shi ya daɗe yana damun masu binciken ƙwaƙwalwa a duniya baki ɗaya. Kusan duk abin da kimiyya ta sani game da aikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, an samo shi ne daga mutumin da aka kwantar cikin na'ura ko aka zaunar a ɗaki shiru, aka ce kada ya motsa. Amma mutum a kasuwa yake ciniki, a aji yake koyo, a kan tabarmarsa yake barci. Shi ya sa cikin shekaru ashirin da suka wuce aka duƙufa wajen ƙera na'urorin da za a ɗaura a kai, mutum ya ci gaba da harkarsa suna aiki. Ya kamata mu san yadda suke, iyakar abin da za su iya, da sharuɗɗan da za su sa su amfane mu tun kafin su cika kasuwa.

Abin da ake aunawa

A cikin kan mutum akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma da ɗan motsin lantarki suke aika wa juna saƙo. Idan dubbansu suka motsa tare, wani ɗan ɓurɓushi na wannan lantarki yakan ratsa ƙoƙon kai ya iso fata. Ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba: batirin tocila mai bolt ɗaya da rabi ya fi shi sau dubbai masu yawa. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara kama shi a kan ɗan Adam a garin Jena a 1924, ya wallafa sakamakonsa a 1929. Ya lura cewa idan mutum ya rufe ido ya natsu, wani motsi mai hawa da sauka kamar sau 10 a cikin sakan ɗaya yakan bayyana, da ya buɗe ido kuma sai ya dushe. Wannan awo shi likitoci ke kira EEG.

Domin a fahimci iyakarsa, a ƙaddara mutum yana tsaye bayan katangar Kasuwar Kara. Ba zai ji cinikin da ake yi a kan wani rago ba, balle ya san nawa aka sallama. Amma daga gunjin da ke tashi zai gane ko kasuwa ta cika ko ta fara watsewa, kuma idan aka yi ihun ɓarawo kowa ya ɗauka baki ɗaya, ba zai kasa ji ba. Haka awon lantarkin ƙwaƙwalwa yake. Yana bambance farke da barci, yana nuna matakan barcin, yana nuna gajiya da gyangyaɗi, yana kuma kama lokacin da ƙwayoyin jijiya suka ɓarke tare fiye da kima, wanda shi ne asalin farfaɗiya. Abin da mutum yake tunani, ko sirrin da ke zuciyarsa, wannan ya fi ƙarfin na'urar.

A asibiti, ma'aikaci yakan auna kan majiyyaci da tef, ya yi alama a wurare kimanin ashirin bisa wani tsari da aka daidaita tun 1958, ya goge fatar kowane wuri, ya manna ƙaramin maɓallin ƙarfe da wani mai mai kauri, sannan ya jona igiyoyi zuwa na'ura. Ɗaukar awon kan ci minti 20 zuwa 30. A nan matsalar take: ko a cikin waɗanda tabbas suna da farfaɗiya, awon farko yakan nuna alama ne a kusan rabinsu ko ƙasa da haka, domin ƙwaƙwalwar ba lallai ta yi tuntuɓe cikin wannan rabin sa'a ba. Idan aka tsawaita awon, musamman ya haɗa da barci, damar kamawa takan ƙaru sosai.

Huluna iri uku

Iri na farko shi ne wannan awon lantarki da aka ƙanƙantar. An mayar da na'urar da ke cika tebur ta koma kamar akwatin ashana, tana aiki da batir, tana aika bayani zuwa wayar hannu ba tare da igiya ba. Akwai na 'yan kasuwa irin su Emotiv mai maɓallai 14 da Muse mai 4, akwai OpenBCI da aka bar tsarinsa a buɗe kowa ya iya haɗawa, akwai kuma na bincike da na asibiti da suka fi su inganci da tsada. Wasu ma a bayan kunne ake liƙa su, ko a cusa su cikin kunnen.

Iri na biyu da haske yake aiki. Wani haske da ke gaba kaɗan da ja, wanda ido ba ya gani, yana iya ratsa fata da ƙashi. Jini mai ɗauke da iskar oksijin da wanda ya sauke ta ba sa shanye wannan haske daidai da juna. To, duk ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya kama aiki, jini yakan ƙaru a wurin. Sai a haska daga wani maɓalli, a tari abin da ya dawo da wani maɓallin, a lissafa. Frans Jöbsis ya nuna yiwuwar haka a 1977. Wannan hula tana jure motsi fiye da ta lantarki, shi ya sa ta dace da jarirai, sai dai saman ƙwaƙwalwa kawai take gani, kuma labarinta yakan makara da 'yan sakanni tunda jini take bi.

Iri na uku yana auna ɗan maganaɗisun da lantarkin ƙwaƙwalwa ke haifarwa. A da sai da ƙatuwar na'ura da ake sanyayawa da ruwan hiliyam zuwa digiri 269 ƙasa da sifili. A 2018 masu bincike a Jami'ar Nottingham ta Ingila suka nuna kwalkwali mai yin wannan aiki mutum yana kaɗa kai yana shan shayi. Ci gaba ne babba, amma har yanzu sai cikin ɗaki na musamman da aka kange daga maganaɗisun duniya, saboda haka ba shi ne zai fara zuwa Wurno ko Goronyo ba. Na farko da na biyu su suka shafe mu a yanzu.

Abin da aka riga aka gwada

A 2012, Stefan Debener da abokan aikinsa a Jami'ar Oldenburg ta Jamus sun sa wa mutane hular lantarki suka bar su suna yawo a harabar jami'a suna sauraron sauti. Sun iya kama martanin da ƙwaƙwalwa ke yi idan wani baƙon sauti ya faɗo cikin waɗanda ta saba ji, duk da cewa tafiya ta rage masa ƙarfi. A 2017, Suzanne Dikker da David Poeppel na Jami'ar New York sun wallafa binciken da suka yi a kan ɗaliban sakandare 12 cikin darussa 11, kowa da hularsa. Sun ga cewa motsin ƙwaƙwalen ɗaliban yakan fi tafiya tare a lokacin da darasi ya kama hankalinsu. A ma'adinan Ostireliya kuwa, an daɗe ana sa wa direbobin manyan motoci wata hula mai suna SmartCap da ke gargaɗi idan gyangyaɗi ya fara.

Biyu daga cikin gwaje-gwajen da suka fi kusa da halinmu a Afirka ta Yamma aka yi su. A 2013 Clare Elwell da Sarah Lloyd-Fox daga Landan suka kai hular haske ƙauyen Keneba a Gambiya, suka auna jarirai suna zaune a cinyar iyayensu mata. Daga nan aka kafa shirin BRIGHT, wanda ya bi jarirai kimanin 200 tun daga haihuwa domin a ga yadda ƙarancin abinci da talauci ke taɓa girman ƙwaƙwalwa tun yaro bai fara magana ba. A Gini kuma, Farrah Mateen ta Babban Asibitin Massachusetts tare da likitocin Asibitin Ignace Deen na Konakiri sun gwada hula mai maɓallai 14 da ke haɗe da na'urar hannu, ana ɗaukar awon a can, ƙwararru a wasu ƙasashe suna karantawa ta intanet. Mateen da abokan aikinta sun fara irin wannan gwaji a ƙasar Butan a kan mutum 205. Sakamakon Butan darasi ne: abin da hular ta ce alamar farfaɗiya ce, yawanci gaskiya ne, amma ta kama kusan 4 ne kawai cikin kowace 10 da babbar na'urar asibiti ta gani. Ma'ana, idan ta ce akwai, a saurare ta; idan ta yi shiru, ba a sallami majiyyaci ba.

Inda buƙatarmu ta fi tsanani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 50 ke fama da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ta ce har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in an gane cutar an ba su maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samun wannan magani. Yankinmu kuwa ya tara abubuwan da ke raunata ƙwaƙwalwa. Muna tsakiyar ƙasashen sanƙarau: annobar 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, ta 2017 kuma Zamfara da Sakkwato suna cikin inda ta fi ƙamari. Ga zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai kowace damina. Ga doguwar naƙuda da ke hana jariri iska. Ga haɗarin babur ba kwalkwali. Ga gubar dalma da ta kashe yara aƙalla 400 a Anka da Bukkuyum a 2010 ta bar wasu da raunin da ba ya gogewa. Duk wanda ya tsira daga ɗayan waɗannan yana iya fara faɗuwa bayan watanni ko shekaru.

Ba kowace farfaɗiya ce ke kayarwa ba, kuma a nan awo yake nuna amfaninsa ƙarara. Akwai yarinyar da za ta tsaya cak tana cikin magana, idonta a buɗe, na kamar sakan goma, sannan ta ci gaba ba ta san an yi ba. Yana iya faruwa sau da yawa a yini. A gida a ce ta cika shiririta, a makaranta ta sha bulala saboda rashin mayar da hankali. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai sa mata hula, ya riƙe 'yar takarda a gaban bakinta, ya ce, "'Yata, yi ta hura wannan." Kafin minti uku, sau da yawa sai hurawar ta tsaya, idon ya kafe, a kan allon kuma wani zane mai tsini da tudu ya jeru sau 3 a kowane sakan. An san wannan zane tun 1935. Ganinsa yana canza magani, domin kabamazefin, wanda yake cikin magungunan farfaɗiya da aka fi samu a kemis, yana iya ƙara tsananta irin wannan. Wani maganin kuma, balfurowet, yana da haɗari ga ɗan tayi, saboda haka ba a ba mace mai shekarun haihuwa shi da ka.

Akwai kuma yaron da zazzaɓi ya jefa cikin dogon suma. Binciken da aka yi a Kilifi ta Kenya a shekarun 1990 ya nuna cewa wasu daga cikin irin waɗannan yara ƙwaƙwalwarsu tana cikin jijjiga alhali jikinsu a kwance yake, sai ɗan karkatar ido ko dalalar yawu ko numfashi marar tsari. Hular da ma'aikaciyar jinya za ta iya sawa cikin 'yan mintuna a gefen gado tana iya tona wannan. Sannan akwai masu faɗuwar da ba farfaɗiya ba ce, kamar suma ta ciwon zuciya ko ta tsananin damuwa, waɗanda ke shan maganin farfaɗiya shekara da shekaru a banza.

Mutane da yawa sukan fara da ruƙiyya ko gidan mai magani, kuma ba daidai ba ne a ɗauka cewa dole sai an yi faɗa da imaninsu kafin a kai su asibiti. Ibn Ƙayyim a cikin Zadul Ma'ad ya raba farfaɗiya gida biyu, ya ware wadda tushenta jiki ne ya ce ita ce fagen likitoci. Malamin da ya karanta wannan ba zai ƙi a auna ba. Idan uba ya ga zanen da idonsa, aka nuna masa inda ya canza a daidai lokacin da 'yarsa ta kafe, ya fi sauƙin yarda cewa ciwo ne kamar kowane ciwo, ba a ɗaukarsa ta yawu, kuma yana jin magani. Gani ya kori ji.

Kitso, zufa da sujada

Yawancin waɗannan huluna an ƙera su ne an gwada su a kan mutane masu laushin gashi, a ƙasashe masu sanyi. Gashinmu murɗaɗɗe ne mai tauri, yakan ture maɓalli ya hana shi taɓa fata. Namijin da ya yi aski ƙwal ba shi da matsala. Mace kuwa akan ce ta tsefe kitso, ta wanke kai, kada ta shafa mai, sannan ta zo. Bayan an gama ta koma da kai cike da man awo, ta sake biyan makitsiya. Wata ba za ta dawo ba. Arnelle Etienne, wata ɗaliba baƙar fata a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ta juya matsalar ta zama mafita: a yi kitso a jere ta yadda tsagar za ta bi daidai wuraren da ake manna maɓallai, a maƙala maɓallin tsakanin kitso biyu su danne shi a kan fata. Aikin ya fito a 2020. Wannan fasaha ce da makitsan Mabera da Runjin Sambo, waɗanda hannunsu ya saba da shuku da calaba, za su ƙware a kai cikin ɗan lokaci idan an nuna musu taswirar.

Hular haske tana da tata matsalar. Baƙin gashi da duhun fata suna shanye haske, abin da ke dawowa ya yi rauni. An ga irin wannan a 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin: wani bincike da aka wallafa a Amurka a Disambar 2020 ya nuna ta fi ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku. Duk na'urar haske da za a kawo, sai an sake gwada ta a kanmu.

Ga yanayi. A bazara zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, zufa kuma ruwan gishiri ce, tana sa layin awo ya yi ta lilo, tana haɗa maɓallan da ke kusa da juna. A hunturu fata ta bushe, man awo ya ƙafe da wuri, ƙura ta shiga ko'ina. Tauna goro, ƙifta ido, cije haƙora, duk suna haifar da lantarkin tsoka da ya fi na ƙwaƙwalwa ƙarfi. Wutar gida da ta janareta ma suna shigar da nasu gurnanin, kodayake aiki da batir yana rage wannan.

Akwai abin da masu ƙera hular a Turai ba su yi lissafi da shi ba. Wanda zai sa ta kwana ɗaya ko uku zai yi alwala, zai shafi kai, zai kai goshi ƙasa sau da yawa a yini, kuma biyu daga cikin maɓallan a goshi suke zama. Dole a tsara inda za su zauna ba tare da sun hana sujada ba, a kuma kai wa malamai batun shafar kai, su duba shi tare da babin shafa a kan ɗaurin rauni da ke cikin littattafan Malikiyya. Mace kuma mace 'yar'uwarta ce za ta buɗe mata kai. A gefe guda muna da wata dama: a Turai mai yawo da hular awo abin kallo ne, mu kuwa kowa kansa a rufe yake. Na'ura marar nauyi za ta ɓace ƙarƙashin hula ko kallabi da hijabi, mai ita ya je kasuwa ba wanda ya san halin da yake ciki.

Hula ba ta karanta kanta

Awon sa'a 24 shafuka ne dubbai, kuma sai ƙwararre ya zauna ya tantance alamar cuta daga ƙiftawar ido. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 sun nuna cewa a ƙasashe matalauta ma'aikacin fannin jijiya da ƙwaƙwalwa kusan 1 ne ga mutum miliyan 1, a ƙasashe masu arziki kuwa sun haura 70. Kuskuren karatu yana da tsada: idan aka liƙa wa lafiyayye sunan farfaɗiya, an ɗora masa magani da tsangwama na shekaru. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun fara taimakawa wajen tace awo su ware wuraren da ake zargi, amma da awon wasu mutane aka horar da su, a wasu na'urori, a wani yanayi. Kafin a dogara da su sai an jarraba su da awon da aka ɗauka a nan, da zufarsa da kitsonsa.

Bayan karatu akwai magani. Idan an gane cuta amma fenobabiton ya yanke a asibitin ƙauye, ko na kemis jabu ne, ko kuɗin wata ya gagara, awon bai kai ko'ina ba. Katse maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa. Saboda haka duk shirin da zai sayo huluna bai tanadi magani mai ɗorewa ba, ya fara gini daga rufi. Ya kamata kuma a tuna cewa bidiyon minti ɗaya da wani ɗan'uwa ya ɗauka da wayarsa lokacin da abin ke faruwa, sau da yawa yana gaya wa likita abin da awo bai gaya masa ba, kuma kyauta ne.

Batun amana

Arewa ba ta manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya haɗa yara kimanin 200 masu sanƙarau a Kano. Yara 11 sun rasu. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Zargin da abin ya bari yana cikin abubuwan da suka rura ƙin rigakafin shan-inna a 2003. Wanda zai zo da na'urar da ake ɗaurawa a kai, wajen da mutane ke ganin nan hankali yake, ya san cewa a kan wannan tabo zai taka. Takardar Turanci da dangwalen yatsa ba yarda ba ce. Yarda ita ce a yi bayani da Hausa ko Fulfulde ko Zabarmanci, a ce wannan magani ne ko bincike ne, ina bayanin zai tafi, wa zai gani, kuma mutum yana da ikon cewa a'a ba tare da an hana shi kulawa ba.

Hular ba ta karanta tunani, amma abin da take ɗauka yana iya cutar da mai shi. Awon da ya nuna budurwa tana da farfaɗiya, in ya fita, yana iya rushe mata baiko. Wanda ya nuna direban tirelar albasa yana gyangyaɗi a hanyar Legas yana iya ceton rai idan an yi amfani da shi a ba shi hutu, yana iya kuma raba shi da abincinsa idan maigida ya mayar da shi hujjar kora. Cire suna ma bai wadatar ba, domin wani bincike a Jami'ar Binghamton a 2016 ya iya tantance kowane ɗaya daga cikin mutum 50 ta martanin ƙwaƙwalwarsa kaɗai. A 2019 wata firamare a lardin Zhejiang na ƙasar Sin ta sa wa yara ɗaurin kai na kamfanin BrainCo don auna natsuwarsu a aji, sai da surutu ya yi yawa aka dakatar. Ƙasar Chile ta sa kariyar bayanan ƙwaƙwalwa cikin tsarin mulkinta a 2021, a 2023 kuma kotun ƙolinta ta umarci Emotiv ya goge bayanan wani tsohon sanata. Najeriya tana da Dokar Kare Bayanai ta 2023 wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Aikin kwamitocin ɗa'ar bincike na asibitocinmu ne su tabbatar dokar ta yi aiki a kan kowace hula da ta shigo.

Tambayoyin da suke namu

Wani nazari na 2008 ya gano cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. Ilimin ƙwaƙwalwa da aka gina haka bai cika ba, kuma Sakkwato tana da abin da za ta ƙara masa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Yaushe ne tamowa ke fara taɓa ƙwaƙwalwarsu, kuma wane tallafi ne ke mayar da abin da aka rasa? Yaya barcin mutum yake a daren Afrilu ba wuta, kuma me hakan ke yi wa ɗalibi da direba washegari? Garin da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta jami'arsa ta assasa musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a 1986 cike yake da mahaddata. Babu inda ya fi shi dacewa a yi nazarin yadda hadda da tilawa ke horar da riƙo da natsuwa, cikin girmamawa da izinin malamai. Ga yaran da ke koyon karatu daga dama zuwa hagu da safe, daga hagu zuwa dama da rana. Waɗannan tambayoyi ba a ɗakin gwaji za a amsa su ba, sai a tsangaya da tsakar gida da tasha, wato inda hular ke iya zuwa.

Tushen da za a ɗora a kai yana nan. Akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta yanki a asibitin koyarwa, wadda sunan Farfesa Bello Bala Shehu yake haɗe da kafuwarta, akwai asibitin Kware, akwai kwalejin kimiyyar lafiya da sassan injiniya da kwamfuta a jami'a. Neman ilimin jiki kuma ba baƙo ba ne a garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan ciwon ido da basir.

Abin da ya dace a bi a jere shi ne: a fara da farfaɗiya, domin nan ne amfanin ya fi bayyana. A gwada kowace hula kafaɗa da kafaɗa da babbar na'urar asibiti, a kan mazanmu da matanmu, a bazara da hunturu, a wallafa abin da ta kama da abin da ta kuskure. A horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko, mata da maza, tare da makitsa, a asibitoci kaɗan kamar na Illela da Tambuwal kafin a faɗaɗa. A horar da masu karanta awo a gida, a ajiye bayanan a hannun cibiyoyinmu, duk abokin hulɗa na waje ya shigo bisa yarjejeniyar da ta ba masu bincikenmu jagoranci. Gwamnatin jiha kuma ta sa magungunan farfaɗiya cikin waɗanda ba a bari su yanke. Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince a Mayun 2022 da shirin shekara goma kan farfaɗiya da cututtukan jijiya, wanda zai ƙare a 2031, Najeriya tana cikin ƙasashen da ya hau kansu. Farashin waɗannan na'urori sauka yake yi, kuma za su iso kasuwanninmu ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Gara jami'a da asibitoci da ma'aikatar lafiya su zauna yanzu su tsara gwajin farko da sharuɗɗansa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.